Ludayin Doning

Lokacin da aka kawo gawar mijina gida, maƙwabciyata Doning ce kaɗai ta lura ban yi wanka ba. Mu nan Iligan ba a wanka a gidan da gawa take kwance. Ta ja hannuna muka tsallaka gidanta, ta dafa ruwa da ganyen lemun tsami, ta tsaya bakin ƙofa riƙe da tawul har na fito. Ba ta yi min wa'azi ba. Cewa kawai ta yi, "Mare, ki taje kan nan, baƙi na kallonki." Mare muke kiran juna, wato aminiya.

Celedonia ne sunanta, amma Fada ne kawai yake kiran ta haka a coci. Girkin biki ne sana'arta. Aure, baftisma, idin waliyyin unguwa, duk ita ce a bakin murhu, ƙafafu a kumbure. An san ta da gasasshen alade da farfesun jininsa. Tana da wani ludayi na ƙoƙon kwakwa da ta gada wurin uwarta, ya yi baƙi ƙirin, da shi take juya komai.

'Yarta ɗaya, Minda. Ita ta kawo Alinor, Musulmi ɗan ƙabilar Maranao daga Marawi, mai gyaran waya a kasuwa. Yaro ne mai ladabi, yakan kama hannun Doning ya kai goshinsa kamar 'ya'yanmu. Ba ta hana ba. Abu ɗaya ta sa a ranta: dangin ango su ci girkinta.

Ta sayi sabbin tukwane. Ta kai kaji wurin mahauci Musulmi ya yanka. Ta koyi yin palapa, yajin nan nasu na albasa da citta, har idanunta suka yi ja. Yayanta Pedring yana ta tsiya.

"Biki ba alade? To ki ce taron addu'a kika kira mu, Doning."

"Yaya, in alade kake so ka duba madubi."

Ranar walima uwar ango, Hajiya Rokaya, ta leƙo madafa ta gaishe mu. Ina gefe ina kankare kwakwa, na ga idonta ya sauka kan hannun Doning. Sabuwar tukunya ce, kaza ce ta halal, amma tsohon ludayin ne a ciki. Hannu ne ya ɗauko abin da ya saba.

"Wannan ludayi ya ga shekaru," in ji Hajiya.

"Na uwata ne. Ba abin da bai juya ba!" Doning ta faɗa da alfahari.

Sai da maganar ta fita ta ji ta.

Ba wanda ya yi faɗa. Mutanen Marawi suka zauna da kyawawan tufafinsu, suka sha lemon kwalba, suka ɓare ayaba. Namu suka ci kazar suna gunaguni. Doning ta wanke tukwanen, ta kife babbar a saman kabad.

Auren ya zauna, an haifi yara. Hajiya takan kawo su, kullum da ƙunshin shinkafarta a ganyen ayaba. Su biyun suna hira, suna kukan ciwon gwiwa. Doning ta ce, "Na dafa kifi, Hajiya." Ita kuma ta ce, "Alhamdulillahi, a ƙoshe nake." Haka har Doning ta gaji ta daina tayi.

Bara Doning ta rasu. Hajiya ta zo zaman makoki, ta leƙo madafa, ta tarar da ni da babbar tukunyar da sabon ludayi, takardar kanti ma ban ɓare masa ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo faranti. Ta ci kaɗan, ta ce gishiri ya yi yawa.

Pedring bai kula ni ba har aka gama addu'o'in. Ban damu ba. Doning ta riga ta roƙe ni, wata rana muna dawowa daga coci, tana tsayawa tana hutawa:

"Mare, in na riga ki, ki sa min ludayin nan a akwatin gawata, kada wani ya ɗauka. Ki sauko da tukunyar, ki tsare ƙofar madafa kada Pedring ya shigo da alade. Ko Allah zai sa matar nan ta ci wani abu a gidana."