Hon ɗin Gidan Takaba

Jama'a, wallahi tallahi abin da zan faɗa muku a hannuna ya faru, ba ji na yi ba. Shekara da shekaru na yi ina sayar da shinkafa da wake a bakin wani fili a Gyadi-Gyadi inda ake yanka matattun motoci, don haka ba mai koya mini aikin wurin. Mota ta yi hatsari a jawo ta, kafin azahar an kwance ta, inji gefe, ƙofofi a jingine, fitilu a buhu, ƙarfen da ya rage 'yan gwangwan su auna su kwashe. In kana son abu ka tona tsibi da kanka, a jona maka a batir, ya yi ka ɗauka, kuma in ka fita ba a dawowa da shi.

To ɗana Sabi'u, direban tasi, hon ɗinsa ya mutu. Na ce ya jira in zaɓa masa, ya ƙi, wai me mace ta sani a kan hon. Ya je wurin Ɗanjuma mai filin ya ɗauko wani, aka ɗaura.

Kwana huɗu sai ga maza uku a ƙofar gidana, rai a ɓace. Wai ƙanwarsu na takaba a wani layi a Tarauni, mijinta ya rasu a hatsarin mota, kuma kullum Sabi'u ya bi layin sai ya danna mata hon a bakin get, biyu gajeru ɗaya dogo. Innalillahi! Ɗana, mai mata da 'ya'ya biyar, a ce yana zawarcin mai takaba? Babbansu ya ce, "Inna, darajarki muka duba. Ya ƙara sau ɗaya, sai gaban mai unguwa." Sabi'u yana ta rantsuwa shi bai taɓa komai ba, ni ko na ce rufe mini baki, hon aljani ne da zai yi kuka shi kaɗai?

Washegari da la'asar na shiga gaban motar na ce mu je, idona a kan hannunsa. Muna zuwa daidai get ɗin nan, hannayensa biyu a gefen sitiyari, sai pim, pim, piiim. Na ji wata mata ta fashe da kuka a ciki.

Kai tsaye na sa ya kai ni wurin Ɗanjuma. Na ce, "Kai Ɗanjuma, daga wace mota ka ciro wannan masifar?" Ya yi dariya, wai, "Haba Inna, mota nawa nake yankawa? Ni ba na tambayar ƙarfe tarihinsa. Wayar hon ɗin ce ke taɓa jikin mota." Na ce to cire shi, mai ilimin waya. Ya cire, na ce riƙe kayanka, ya ce Inna kin fi kowa sanin doka. Ji mini ɗan banza, wanda ya girma a kan shinkafata!

Na ƙulle hon ɗin a gefen mayafina, na hau adaidaita ni kaɗai, na ce gara in kai wa mutanen su ga abin da idonsu. Na yi sallama, yayyen suka fito, na fara bayani, babban yana wani taɓe baki. Ban kai ƙarshen magana ba abin nan ya yi ƙara a hannuna. Ba batir, ba waya. Biyu gajeru, ɗaya dogo, har ƙashina na ji girgizarsa.

Tsohon mai gadin gidan, ba wanda ya sa shi, ya miƙe ya wangale get ɗin duka biyu, ya tsaya gefe yana jira, kamar yadda ya saba in marigayin ya dawo da motarsa. Ba abin da ya shigo, mu dai muka matsa.

Babban yayan ya durƙusa ya ce, "Inna, ki ba Sabi'u haƙuri." Na ce ka je ka ba shi da bakinka, yadda ka zo ka tara mini jama'a. Na ajiye abin a ƙasa na juya, ban san yadda suka yi da shi ba, ban kuma tambaya ba.

Ni dai shawarata, in za ku sayi kayan tsohuwar mota ku tambayi yadda ta mutu. In mai kaya ya yi muku dariya, ku bar masa abinsa.