Layin Alli a Jikin Farfela

Ƙafafun Kaka na fara gani da na shawo kwana daga makaranta ran nan. Ƙafafun kawai, sun leƙo daga ƙarƙashin motarsa, silifas ɗaya a ƙafa, ɗayan ya faɗa cikin ruwan da aka yi da safe. Har yau in na ji warin giris ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, su nake tunawa.

Kaka shi ne mahaifin Abbanmu, tsohon direba ne. Gidanmu yana kusa da Ƙofar Mazugal, kuma lungunmu ba ya cin mota, don haka a ɗan filin bakin lungu take kwana. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Kullum bayan sallar asuba sai ya goge ta, ko da ba inda za shi. A daminar nan ta fara gurnani daga ƙarƙashin kujera, in ta ɗauki gudu kuma sai ta hau kakkarwa har haƙoranka su haɗu. Abba ya gaji. Ina kawo musu shayi na ji ya ce, "Baba, wannan ne gyara na ƙarshe. In ta sake kakkarwa, a kira masu sayen tsohon ƙarfe. Adaidaita ta cika gari." Shayin Kaka a nan ya huce.

Ba shi kaɗai ba ne a ƙarƙashin motar. Akwai abokinsa, wani dattijon bakanike da suka yi tashe tare. Su biyu suka zaro wani dogon ƙarfe mai kama da taɓarya, suna nishi. Farfela ke nan, wadda take kai juyin inji zuwa tayoyin baya. Gida biyu ce, gajere da dogo, masu haƙoran ƙarfe da suke shiga juna, kuma a mahaɗarsu akwai boris cikin zoben roba, shi ne yake riƙe ta a tsakiya. Robar ta yage. Bakaniken ya juya boris ɗin, ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

"Ga mai laifin," in ji shi. "Ya tsufa, kamar mai motar."

"Ai da shekara biyu ka girme ni," in ji Kaka.

Bakaniken ya laluba aljihunsa bai sami abin da yake nema ba. "Wa ke da alli?"

Ni yarinya ce mai kunya, ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma ina tsintar guntayen alli in malami ya fita, ina tara su a gwangwanin ashana. Na miƙa masa ɗaya ba tare da na ɗago kai ba. Ya ja layi guda a kan mahaɗar, rabi a gajeren, rabi a dogon, sannan ya raba su.

"Kin ga wannan layin, 'yar boko? Yadda aka raba su, haka za a mayar. In haƙori ɗaya ya goce, ko boris na zinariya aka sa, sai ta yi kakkarwa."

Suka kai dogon cikin soro don kada wani ya ɗauke, suka kwantar da shi a kan tabarma, suka tafi kasuwa da gajeren don a cire tsohon boris a matsa sabo. Ni kuwa na zauna a soron, na buɗe bayan littafin lissafina na zana shi, don haka nake yi da duk abin da ya burge ni. Na zana layin. Na zana wani ɗan faci na ƙarfe mai kusurwa huɗu da aka liƙa a jikinsa, wanda layin ya bi ta gefensa na dama. Daga nan na shiga cin abinci, na wuce Islamiyya.

Abin da ban lissafa ba shi ne Iya, kakata. Iya ba ta iya ganin datti ta wuce. Ta fito ta tarar da baƙin ƙarfe a kan tabarmar baƙinta, ta ɗebo toka da soso da ruwan zafi.

Da na dawo bayan la'asar, na tarar da maza uku a tsaye a soro. Farfelar tana ƙyalli kamar sabuwar tukunya. Layin ya tafi.

"Hajiya," in ji bakaniken a hankali, "me farfela ta yi miki?"

Iya tana daga bayan labule. "Ai sai ku gode mini. Shekara nawa ba a yi mata wanka ba?"

Abba ya harɗe hannuwa. Bakaniken ya ce zai iya gwadawa, amma haƙoran suna da yawa, sai dai a yi ta ɗaurawa ana kwancewa. Abba ya ce ba wannan aka yi da shi ba. Na dubi Kaka. Ya cire hularsa yana kallon cikinta, kamar akwai rubutu a ciki.

Littafin yana cikin jakata, amma bakina ya ƙi buɗuwa a gaban maza. Na zagaya bayan labule na raɗa wa Iya a kunne. Iya kuwa ba ta san raɗa ba.

"To ku da kuke ta ɓata rai, ga yarinya ta ajiye muku layinku a takarda."

Ta turo ni. Bakaniken ya tsuguna, ya riƙe littafin nesa da fuskarsa, ya dubi zanen, ya dubi ƙarfen. Ya sa babban yatsa a kan facin nan.

"Dama ko hagu?"

"Dama," na ce. Ni kaina da kyar na ji muryata.

"In kina tsaye daga ina?"

Na je na tsaya inda na zauna ɗazu. Ya karɓi wani allin, ya sake jan layin, ya zura gajeren a cikin dogon, rabi ya haɗu da rabi. Suka mayar da farfelar jikin mota suka ɗaure.

Kaka yana da yadda yake gwada mota tun yana direba. Ya cika kofin silba da ruwa har baki, ya ajiye a cikin mota, a ƙasa, a gaban kujerar gaba. Ya ce ni zan zauna a nan, tunda ni ce mai ido. Abba da bakaniken suka shiga baya. Muka hau titi, muka nufi Ƙofar Dawanau, iskar damina tana shigowa ta taga. Kaka ya ƙara giya, ya sake ƙarawa, ya kai daidai gudun da take fara haukanta. Ban ga titi ba, ban ga mutane ba, kofin kawai nake kallo. Ruwan ya ɗan yi rawa a sama, ya kwanta.

"'Yar boko, ya zube?" in ji Kaka.

"Bai zube ba."

Abba ya leƙo ta kan kafaɗata ya daɗe yana kallo. Sai ya koma ya jingina, ya yi dariya. "Shi ke nan, Baba. Ka riƙe abarka."

Kaka ya ɗauki kofin ya shanye ruwan. A hanyar dawowa ya saya mini tsire, ya saya wa Iya sabon soso.

Motar ta ƙara shekaru a bakin lungu, sai bayan rasuwarsa aka sayar da ita. Yanzu shago aka gina a filin. Ni malamar makaranta ce, kuma a ajinmu ma an daina amfani da alli, amma ba a rasa guntu a jakata. Kwanan baya tawa motar, wadda ita ma ta kwana biyu, ta fara irin gurnanin nan. Bakanikena ya jona mata na'ura, na'urar ba ta ga komai ba, sai da ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce boris ɗin farfela ne. Na buɗe jaka na miƙa masa allin.

"Malam, don Allah ka ja mini layi kafin ka raba su. Kuma kada ka bari kowa ya wanke."