Kwalaben Yaya Ilu, da Ɗan da Ya Gaji Rumfar

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Ilu mai kwalba, Allah ya jiƙansa. Ni dillalin zuma ne a Daura, shi ke gyara mini kwalabe. Yana yanka haƙora a wuyan kwalba don murfi ya murɗu ya kama, kada zuma ta tsiyaye a hanyar Kongolam. Yau da sunansa ake cutar mutane, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gilashi ba ƙarfe ba ne, ba ya lanƙwasa, fashewa yake. Yaya da siririn magagari yake binsa, ruwa na ɗiga a kai, don a bushe tsagewa yake yi. In ya gama sai ya ɗauraye, ya cika kwalbar da ruwa, ya kafa baki ya sha. Wadda ta karci leɓensa ba ta barin rumfar. Na sha zaginsa kan nawar aikinsa, kaya na jira a mota, shi ko ɗaga kai ba ya yi.

Ɗansa Sabi'u ya gaji rumfar da allon da ke ɗauke da sunan uban. Amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ya sayo inji yana gurza a bushe, ya busa da baki, ya miƙo. Bara wata mata daga Mashi ta ba 'yarta zumata don tari, tsinin gilashi ya yanke wa yarinyar dasashi. Ni aka zo aka nuna wa jinin.

Na je wajen Sabi'u na cika kwalbar da ya gyara da ruwa na ce, "Sha."

Ya ce, "Haba Baffa, zamani ya wuce nan. Tsautsayi ne."

Bai sha ba. Tsautsayi, wai! Da Yaya na raye, da kansa zai kulle rumfar nan, ko da ɗan cikinsa ne a ciki.

Na koma zuba zuma a roba, abin da marigayin ya tsana. Kwalabensa kuwa har yau suna gidajen mutane, murfinsu na kamawa, ba su taɓa yankar kowa ba. Su ne gadonsa, ba Sabi'u ba. Sabi'u, ka ci gaba da gurzarka in ka ga dama, amma ka sauke sunan yayana daga allon nan, ka rubuta naka.