Tsumman da na zubar daga jirgin Kawu

Ana idar da sallar asuba muka bar Haɗeja, ni da wani abokina da muke koyarwa a makaranta ɗaya. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, masunci ne. Shi ya aiko cewa zai kwaso bandar kifinsa daga tungar da ya yi sati uku yana su, in ina son ganin ruwa in zo. Na daɗe ina yi muku alƙawarin hotunan fadama, don haka ban tsaya dogon tunani ba.

Kuɗin motar Kirikasamma ya kusa ninka na bara. Da wata tsohuwa ta yi ƙorafi, direba ya nuna mata gidan mai da baki, ya ci gaba da tuƙinsa. Hanya ba laifi, gonakin shinkafa hagu da dama, masu gadin tsuntsu suna ta kaɗa gwangwani. A Kirikasamma muka sha kunu da ƙosai mai zafi, sannan muka hau acaɓa zuwa bakin ruwa, tafiyar da ta sa abokina ya karanto duk addu'ar da ya sani.

Mun tarar da jirgin a ɗaure, Kawu ya shiga ƙauye karɓo kwalaye. Na leƙa ciki. Ga filafili biyu da doguwar sandar tuƙi, ga lauje da igiya, ga yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa. Akwai kuma tsohon bokitin fenti mai murfi, a cikinsa tocila, ashana a ƙulle a leda, wuƙa, ƙusoshi, ƙaramar guduma, dunƙulen kwalta, gwangwanayen madara da aka buɗe aka daddake, maganin ciwon kai, da garin kwaki da ƙuliƙuli. Komai tsaf, har na ɗauki hoto. Sai idona ya kai ƙarƙashin kujerar gaba, inda aka cusa wasu tsummoki baƙi ƙirin masu ƙarnin kifi. Ni mutum ne da kullum safiya nake tsare ɗalibai sai sun share aji, ba na iya ganin ƙazanta in wuce. Na kwaso su da yatsa biyu na wurga cikin ciyawa, na zauna ina jiran a yaba min.

Kawu ya dawo bai lura da komai ba, muka tashi. Ruwa kwance luf, bado ya buɗe fari tas, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya bai ko kalle mu ba. Da muka shiga kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye hanyoyin ruwa, sai lauje ya fara aiki, Kawu na yanka muna turawa. Abokina ya tambayi amfanin wasu jarkoki biyu da babu komai a ciki, an toshe bakinsu an ɗaure da igiya. Kawu ya ce na wanda bai iya iyo ba ne in jirgi ya kife. Daga nan har tunga abokina bai cire hannu daga kan ɗaya ba.

Tungar 'yan bukkoki ne a kan tudu, hayaƙin banda ko'ina. Aka dafa mana tarwaɗa da barkono, muka ci har gumi ya keto mana. Bayan azahar muka loda kwali shida a kan itatuwan da Kawu ya jera a ƙasan jirgi. Ya ja mana kunne cewa banda ba ta haɗa hanya da ruwa, in ta jiƙe sai ta yi fumfuna, ba dillalin da zai kalle ta. Wannan kifin kuwa shi ne abin da gidansa zai ci har shinkafa ta shigo.

Mun yi kamar rabin hanya sai muka ji gum! Wani kututture ne a ƙarƙashin ruwa. Haɗin katako biyu ya buɗe, tsawonsa kamar taƙi, ruwa ya fara ɓulɓulowa. Kawu ko a jikinsa, ya miƙa wa abokina jarkar kwarfa, ya tura hannu ƙarƙashin kujera. Ya lalube, ya sake lalubawa, sannan ya sunkuya ya duba.

“Ina tsumman nan?”

“Kawu, ni na zubar. Na ɗauka shara ce.”

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Abokina ya yi maza zai cire rigar ƙwallon da ke jikinsa, Kawu ya girgiza kai.

“Wannan roba ce, Malam. Auduga nake so, ita ke shan ruwa ta kumbura ta toshe.”

Su biyun suka juyo suna kallon farar shaddar da na saka don hoto. Ruwa ya fara lasar itatuwan. Na tuɓe na miƙa. Kawu ya yage ta ƙyalle ƙyalle, yana murɗawa yana cusawa a tsagar da bayan wuƙa, sannan ya ɗora gwangwanin madara ya buga ƙusoshi. Kwalta sai an samu wuta a tudu. Ni kuma na rungume kwalin da ya fi kusa da wurin, kunya kamar ta kashe ni. Da ruwan ya tsaya muka duba: biyar lafiya, amma na can ƙasa gindinsa ya sha ruwa.

A bakin ruwa Kawu ya hura wuta ya narka kwalta ya shafe wurin. Na shiga ciyawa neman abin da na zubar, aka ce wani masunci ya tsince tun da hantsi, yana ta murna. Kawu ya ninke ragowar shaddata ya cusa ƙarƙashin kujera. Sannan ya ture min jiƙaƙƙen kwalin.

“Wannan ba zai shiga kasuwa ba. Ka kai wa Yaya ta shanya ta yi miya. Ai ita ce take tara min tsoffin zannuwanta duk shekara, ta wanke ta aiko, wai kada ruwa ya ci mata ƙane. Ka faɗa mata yadda aka yi ya jiƙe.”

Mun shigo Haɗeja kafin magariba, ina sanye da rigar ƙwallon abokina, shi yana cikin singileti. Abin da na koyo ba shi da yawa: duk abin da ka gani a jirgin masunci da aikinsa, in ba ka sani ba ka tambaya kafin ka taɓa. Gidan Inna, mahaifiyata, na fara zuwa, na ajiye kwalin na durƙusa na ba ta labari ban rage komai ba. Ta daɗe tana juya kifin a hannu. Can ta tashi ta buɗe akwatinta, ta ciro zani biyu waɗanda na san har yanzu tana ɗaurawa, ta ajiye a gabana.

“Gobe ba makaranta,” ta ce. “Ka koma ka kai masa.”