Wayar da ba ta da sauran wuri

Matata ta yi jinyarta ta ƙarshe a gidan iyayenta a Gidimuni, ni kuma ina Zinder ina dukanci a cikin Birni. Kowace safiya sai ta turo min murya ta waya. Takan tambayi ko na karya, ta ce kada in bar fata a rana ta bushe. Wani lokaci tari ne ya fi maganar yawa. Da damina Allah ya yi mata rasuwa. Muryoyin nan suna cikin wayata har yau, su suka cinye mata wuri.

Bayan rasuwar, ƙungiyar da ke sayen jakunkunanmu ta kai Yamai ta sauya tsari. Aka ce daga yanzu duk oda ta aplikasiyon, wato manhajar waya, za ta zo, kowa ya sauke a wayarsa. Na gwada, waya ta ce babu wuri.

Na je wajen mai gyaran waya a kasuwa, wanda muka yi makarantar allo tare. Ya jujjuya ta, ya yi dariya.

"Baduku, wannan ai sa'ar kakarka ce. A goge muryoyin nan, ko in kwashe maka su a katin ajiya."

"Kamar yadda ka kwashe min hotunan Baba?"

Sai ya miƙo min wayar. Katin da ya zuba hotunan mahaifina ya mutu tun bara, ko ɗaya ba mu samu ba. Na karɓi wayata.

Washegari na sami wakiliyar ƙungiyar a biro ɗinta, wato ofishinta. Ta ce, "Malam, kowa ya sauke sai kai. In ba ka sauke ba, oda za ta wuce ka."

Na ce, "Hajiya, aiki ina so. Amma abin da ke cikin wayar nan ba zan taɓa shi ba."

Ban yi mata bayani ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sai da na yi ta zarya kafin ta kira waɗanda suka haɗa abin. Ashe akwai wata ƙofa: adireshi ne ake buɗewa ta intanet, ba a sauke komai. Ta gargaɗe ni cewa na sauran yana aiki ko babu rezo, wato sabis ɗin waya, nawa kuwa sai da rezo mai ƙarfi.

A rumfata rezo ba ya zama. Saboda haka kullum bayan na karya sai in hau duwatsun bayan unguwarmu in jira shafin ya buɗe. Wata rana ya buɗe nan take, wata rana sai rana ta fara zafi. Abokan sana'a suna tsokanata wai na koma kiwon awaki. Hajiya ta ce wasu masu tsofaffin wayoyi daga garin Tirmini sun fara neman adireshin, an kuma ce za a gyara shi ya ƙara sauri.

Ko an gyara ko ba a gyara ba, zan ci gaba da hawa. In na gama duba oda, nakan saurari murya ɗaya, sannan in sauko in ɗauke fata daga rana.