Masar da Aka Hana Alhaji Mamuda

Wata rana, Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo ɗan Bauchi ya shiga wani gidan abinci a birnin Houston na Amurka.

Mu kira shi Alhaji Mamuda.

Watansa uku ke nan a gidan 'yarsa Zuwaira, wadda likita ce a can, ana yi masa maganin ido. Wata uku cur bakinsa bai taɓa abin da ransa ke so ba. Yau burodi, gobe ɗanyen ganye a faranti. Ya rame, kuma ba ciwon ne ya ramar da shi ba.

Gidan abincin na mutanen Meksiko ne, ya haura shekara talatin a wuri ɗaya, tafiyar minti biyar daga masallaci. Hausawan garin sun daɗe da mai da shi majalisarsu ta bayan Juma'a, domin akwai gasasshen kifi da barkono na gaske, akwai kuma wani jan abin sha da duk wanda ya kurɓa zai ce zoɓo ne.

To, zoɓon ne ma.

Ranar ce zuwan Alhaji na farko, kuma ya tsaya gaisawa da liman, ya iso an watse. Ya zauna shi kaɗai, babbar riga, hula, carbi a hannu. Ya gyara tabarau ya duba takardar jerin abinci. Duk sunayen baƙi ne a wurinsa, sai kalma ɗaya da ta yi tsalle ta faɗa masa cikin ido.

Masa.

Ya sake dubawa. Harafi huɗu, babu ragi babu ƙari.

Ku da kuke ce mata waina ba za ku gane abin da ya ji ba. A gaya wa mutumin Bauchi akwai masa, bayan wata uku a ƙasar burodi? Nan take ya ji ƙamshin tanda. Ya ga miyar taushe. Har ya fara tunanin ko suna da ƙuli-ƙuli.

Mai kawo abinci ta zo. Sunanta Rosalba, mace ce mai kimanin shekara sittin, shekararta ashirin da shida tana zagaya teburan gidan nan. Alhaji ya ɗora yatsa a kan kalmar, ya ce a kawo masa wannan, kuma a cika faranti.

Ta dubi yatsan. Ta dubi carbin. Ta girgiza kai, ta ce da Turancinta mai gargada: "Baba, wannan ba naka ba ne."

Alhaji ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya maimaita, a hankali, irin yadda ake yi wa wanda bai iya yare ba. Ta sake girgiza kai. Ta buɗe baki za ta yi bayani, ya ɗaga mata hannu.

A daidai lokacin aka wuce da faranti zuwa teburin wani Bature. Wani abu ne a naɗe cikin ɓawon masara kamar alala, yana turiri. Alhaji ya tambayi mai ɗauke da farantin ko mene ne, aka nuna masa layin nan da yatsansa ke kai.

Shi ke nan. Ransa ya gama yanke hukunci.

Ga Bature an ba shi, ga baƙin mutum mai hula an ce ba nasa ba ne. Wane bayani kuma ya rage?

Rosalba ta dawo da gasasshen kifi da shinkafa da zoɓo mai sanyi, ta ajiye a gabansa tana murmushi. Ko kallonsu bai yi ba. Ya ce a kira masa mai gidan.

Mai gidan magidanci ne da ya gaji wurin daga mahaifinsa bara, kuma babu kalmar da yake tsoro irin "wariya". Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati ne, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Ya jera masa magana, ya ambaci doka, ya ambaci jarida, ya ce ba zai bar kujerar nan ba sai an hukunta matar a gabansa. Sau biyu Rosalba ta matso za ta yi magana, sau biyu mai gidan ya ce ta yi shiru, baƙo na magana.

A gaban mutane aka ce ta cire rigar aiki ta tafi gida, sai an neme ta.

Shekara ashirin da shida.

Alhaji bai tsaya nan ba. A bakin ƙofa ya ciro waya, ya naɗi murya ta minti shida, ya jefa a zauren sada zumunta na Hausawan garin. Ya faɗi sunan gidan, ya faɗi sunan matar, ya ce duk mai kishin kansa kada ya sake taka wurin. Kafin la'asar muryar ta bar Houston. Kafin Asabar ta iso Najeriya. Ni nan da nake zaune a Gombe, mutum uku ne suka turo mini.

Zuwaira ta ji ta a wurin aiki. Da ta dawo ta same shi a falo, yana karanta yabon da ake ta yi masa a zaure. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa, ta jira ya sha.

"Baba, ka tambaye ta da me ake kwaɓa masar tasu?"

"Ni zan tambaya? Ni da aka haifa a Bauchi, wata ce za ta koya mini masa?"

"Da kitsen alade ake kwaɓa ta, Baba."

Ya ajiye wayar.

Ta yi masa bayani a tsanake, kanta a ƙasa. A yarensu, masa ƙullun masara ne kawai, suna ne ya zo ɗaya, ba ta haɗa komai da tamu ba. A gidan nan da kitsen alade suke murza shi don ya yi laushi. Ta ce ita ma ranar da ta fara zuwa, shekara tara da suka wuce, a kan kalmar nan ta ɗora yatsa, kuma matar nan ce ta riƙe mata hannu. Duk Bahaushen da ke cin abinci a wurin da kwanciyar rai, Rosalba ce ta nuna masa abin da zai ci da abin da zai bari. Har kasko daban ta sa aka ware wa kifinsu.

Alhaji ya tuna hannun da ya ɗaga wa Rosalba. Da ta bi umarninsa ta yi shiru ta kawo, da ya yi bismilla ya cinye, har ya nemi ƙari.

Ranar Litinin ya sa Zuwaira ta kai shi. Ya nemi mai gidan, ya ce kuskuren nasa ne ɗungurungum, a dawo da matar. Aka kira ta a waya, ta zo. Ya miƙe tsaye ya ba ta haƙuri, muryarsa ƙasa-ƙasa, a lungun kusa da kicin.

Ta ce ba komai. Ta ce ta ga carbinsa ne, kuma gara ya fita yana fushi da ita da ya fita da abin a cikinsa. Ta ɗaura rigar aikinta ta koma kan tebura.

A nan ne masu son labari mai daɗi za su so in tsaya.

Ba zan tsaya ba.

Muryar nan ta minti shida har yau tana nan a zaure. Zuwaira ta roƙe shi ya naɗi wata ya warware, ya ce ai magana ta wuce, tone-tone ba shi da amfani, kuma mutum mai shekarunsa ba ya fitowa gaban yara ya ce ya yi shirme.

Magana ba ta wuce ba, Alhaji.

Juma'a uku ke nan teburan Hausawa a gidan nan babu kowa. Wasu sun san gaskiya, amma ba sa so a ce sun ƙaryata dattijo. Sauran kuwa muryar kawai suka ji. Matar da ta tsare musu abinci shekara da shekaru, yau idan aka ambaci sunanta a cikinsu, sai a ce, "Au, mai wariyar nan?"

Ba zai yiwu ba. Da sunanta ka ɓata ta, da sunanta za ka wanke ta. A zauren da ka yi maganar, da muryarka, kuma kada ta gaza minti shida.

Darasi: Wanda ya hana ka abu, bar shi ya kai ƙarshen maganarsa kafin ka ɗaga masa hannu. Idan kuma ka riga ka yi kuskure, ka sani a ƙarƙashin kuskure ake rubuta gyara, a shafi ɗaya, inda duk wanda ya ga na farko zai ga na biyu. Haƙurin da aka bayar a lungu ba ya goge zargin da aka yi a bainar jama'a.

Duk wanda yatsansa ya tura muryar nan, bai fita ba shi ma. Ya tura wannan zuwa duk inda ya kai waccan, zaure bayan zaure, har ya isa wayar Alhaji.