Tafinta a Bayan Labule

Shekarata shida a birnin Lyon na Faransa lokacin da abin ya faru. Ina karatu a jami'a, ina haya a wani dogon bene a Vénissieux, kuma ban yarda akwai wanda ya fi ni Faransanci a duk unguwar ba. Ranar Asabar nakan je wani gida da ake ajiye tsofaffin sojoji baƙar fata, in karanta musu wasiƙu in cika musu takardu.

A nan na san Baba. Mutumin Damagaram ne kamar ni, ya yi wa Faransa yaƙi a Aljeriya tun yana saurayi. Iyalinsa suna gida, shi kuwa doka ta ɗaure shi: in bai yi fiye da rabin shekara a Faransa ba, a yanke masa kuɗin tsufa. Ɗakinsa in ka shimfiɗa dardumar salla babu wurin taka ƙafa. Sau biyu yana shiga mota har Paris tare da 'yan uwansa, suka tsaya cikin sanyi riƙe da kwalaye, suna neman a daidaita haƙƙinsu da na Nasarun da suka kwana rami ɗaya da su. Faransancinsa na bariki ne, ya iya ba da oda amma bai iya gardama da takarda ba. Ɗiyata yake ce mini, har goro yake ajiye mini ko da ya san ba na ci.

Ranar tunawa da mazan jiya, cikin Nuwamba, ya sa babbar rigarsa, ya jera lambobinsa a ƙirji, ya ɗora jar dararsa ta soja, ya tafi taro cikin gari. Yana dawowa da rana tsaka, a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wasu samarin Nasaru uku suka tare shi. Ɗaya ya fizge hular ya ce tun yaushe biri ya fara sa lamba. Suka ka da shi, suka yi ta harbinsa da takalmi, mutane na wucewa.

Da aka kira ni a waya na zo kamar zan ci babu. Na ja shi ofishin 'yan sanda muka shigar da ƙara, suka tura mu wurin likita ya rubuta takardar rauni. Muka shiga tare, na tsaya a kansa ƙiƙam, ni ga tafinta. Likitan ya duba tsagar goshinsa, sannan ya ce ya tuɓe riga. Baba ya dube ni, ya dubi ƙasa.

"Ki ce masa ba komai a jikin. Lafiyata lau, alhamdu lillahi."

Na fassara tsaf, ko wasali ban rage ba. Likitan ya rubuta ɗan rauni a goshi, muka fito, har ina jin na yi abin kirki.

Bayan kwana biyar lauyar ƙungiyar da ke taimaka musu ta karanta takardar ta girgiza kai. Ta ce a ƙasar nan nauyin ƙara yana bin nauyin takardar likita, wannan kuwa aljihun tebur za a jefa ta, kamar ba a taɓa kowa ba. Raina ya ɓaci, na nufi gidan tsofaffin ina ta zagin likitan a zuciya.

A bakin ƙofa na haɗu da maƙwabcin ɗakin Baba, wani tsohon soja Ba'adare wanda bakinsa bai san birki ba. Ko gaisuwata bai bari na ida ba.

"Ke, ɗiyar boko, karatun ne ya cinye miki hankali? Kwana biyar mutumin nan a zaune yake salla, numfashi ma da dabara yake yin shi. Kin taɓa ganin ubanki ya tuɓe riga gabanki? Ko kin taɓa jin ya ce miki wayyo?"

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. A gidanmu ko hula mahaifina ya cire, mu 'yan mata mukan sunkuyar da kai. Na san wannan tun kafin in san harafi ɗaya na Faransanci, amma na tsaya a kan dattijo ido buɗe ina jiran ya yi tsirara ya lissafa inda yara suka tattaka shi. Ba likitan ya ɓata takardar ba, ni ce.

Na shiga na durƙusa har ƙasa, abin da na daɗe ban yi wa kowa ba a ƙasar nan.

"Baba, na yi wauta, ka yafe mini. Mu koma."

"Na bar su da Allah, ɗiyata."

"Allah na nan, Baba, ba inda za shi. Amma maƙwabcinka ma da irin hular nan yake bin hanyar nan. In ba a rubuta naka ba, gobe shi za su taka."

Ba'adaren ya leƙo ya ce shi ai ya fi ƙarfin a taka shi, Damagarawa ne ake kayarwa. Baba ya so yin dariya, ciwon ya tsayar da shi, ya dafe haƙarƙari. Sannan ya ce a miƙo masa sandarsa.

Washegari muka koma mu uku. Na bayyana wa likitan yadda abin yake, na roƙi ya ja labule. Ba'adaren ya shiga ya taimaka wajen cire rigar, ni kuma na juya kujera na fuskanci bango. Daga can nake jin Hausa in mayar da ita Faransanci, idona a kan wani hoton huhu da aka manna.

Likitan yana dannawa, Baba yana faɗi. Nan da ciwo. Nan ma. Nan kam kada ya sake taɓawa. Na ji muryar likitan ta sauya, ya ce haƙarƙari biyu yake zargin sun karye, sai an ɗauki hoto, ga kuma shatin takalmi a baya har wuri huɗu. Ina fassarawa cike da haushi. Can sai ya tambaya, wannan babban tabon na kafaɗa fa?

"Harsashi ne," in ji Baba. "Na Aljeriya."

Likitan ya ce wannan tsoho ne, ba ya cikin ƙarar.

"Ɗiyata, ki ce masa ya rubuta. Wancan saboda Nasaru na same shi, wannan jikokinsu suka ba ni. Jikin ɗaya ne, takardar ma ta zama ɗaya."

Na buɗe baki, Faransancin da nake taƙama da shi ya maƙale. Da hawaye na faɗe shi, kalma bayan kalma, ina kallon bango. Daga nan na ji alƙalami yana tafiya a kan takarda, ya daɗe bai tsaya ba.

Na motsa zan share ido, kujerar ta yi ƙara.

"Kada ki juyo, ɗiyata," in ji Baba. "Ban sa riga ba tukuna."